Ranar da Agadez ta koma qgqdew

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har da sunan malamin da ya koya mini lissafi, amma ba zan taɓa mantawa ba da wata safiyar Talata a biron, wato ofishin, da na fara aiki a Agadez. Ko yanzu in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗauki zafi, in kuwa abinci nake ci sai in ajiye cokali. Shekarar ce da ruwa ya ƙi, dabbobi suna faɗuwa a bakin rijiyoyi, sojoji kuma suka karɓi mulki a Yamai. Kowa a garin yana da abin da ya dame shi. Ni abin da ya dame ni a lokacin shi ne mutane ba su gane girman ilimina ba.

Na dawo daga Yamai ke nan da takardar karatun shekara biyu a fannin ordinata, wato kwamfuta. Takardar ba ta ce ni injiniya ba ne, amma kuma ba ta hana ni faɗa ba, don haka na riƙa faɗa. Wani proje mai taimakon makiyaya ya ɗauke ni aiki, a wani gidan ƙasa da ke bayan tsohuwar unguwa, aka ba ni ɗaki guda mai kilim, abin sanyaya ɗaki (ni kaɗai ke da kilim a gidan, ko Direkta fanka yake amfani da ita). Na daɗe ina ɗauka don darajata aka sa shi. Daga baya na gane don na'urar da ke cikin ɗakin ne, ni kawai ina cin arziƙinta.

Na'urar ita ce sarbar, wata doguwar baƙar ordinata mai gurnani dare da rana. A cikinta akwai wasu ordinatoci huɗu waɗanda ba a ganinsu da ido, kowace da aikinta: ɗaya tana riƙe da wasiƙu, ɗaya takardun ma'aikata, ɗaya kayan sito, ɗaya kuma sunayen makiyayan da za a ba abincin dabbobi. Kamar gidan haya ne, gida ɗaya ɗakuna huɗu. In ƙofar gida ta kulle, ba mai shiga ko ɗaki ɗaya. Ƙofar kuwa tana da kalmar sirri, domin manyanmu na Yamai sun ce lalle a rufe faifan na'urar saboda sunayen mutane da ke ciki. Duk lokacin da aka kunna ta sai ta tambayi wannan kalma kafin ta yi komai. Ni na zaɓi kalmar, ni kaɗai na san ta, kuma duk lokacin da na buga ta sai na yi murmushi. Za ku ji dalili.

A biron akwai Madame Zara, sakatariya. Ta girmi mahaifiyata. Ta shekara kusan talatin tana buga takardu, kuma kafin zuwana tana da wani tsohon keken rubutu mai ƙarar tak-tak da ake ji tun daga ƙofar gida. Ni na sa aka kai shi sito. Na yi wa Direkta dogon jawabi a kan zamani, na ce muddin ana jin wannan ƙara a biro, Turawan da ke ba mu taimako za su ɗauka ba mu waye ba. Madame Zara ta sallama keken. Ta koma kan ordinata, ta riƙa bugawa da yatsu goma ba ta duban kilabiye, allon baƙaƙen da ake dannawa, ni kuwa mai ilimin zamani da yatsu huɗu nake lallaɓawa.

Abin da ya haɗa mu shi ne jan biro. Rahotona na farko, shafi shida na faransanci da na sha wuya a kansa, ya bi ta hannunta kafin ya isa wurin Direkta. Ya dawo mini ja-wur. Ta gyara kowane kuskure, ta ja layi a ƙarƙashin kalmar da na fi alfahari da ita, ta rubuta a gefe cewa babu wannan kalma a faransanci. Ta miƙo mini a gaban direbobi ta ce, “Ɗana, ka riƙa karanta abu kahin ka sa hannu.” Direbobi suka yi dariya. A ranar ce aka ce in rufe faifan sarbar, kuma a cikin wannan fushin na zaɓi kalmar sirri.

To, a makon da nake ba ku labari, kamiyo uku, manyan motocin kaya, suna tsaye a ƙofar sito cike da dusa da anguriya, za a kai Aderbissinat inda makiyaya suka taru da abin da ya rage musu na dabbobi. A lokacin ba a barin irin wannan kaya ya kama hanya sai da rakiyar sojoji, rakiyar kuwa sau ɗaya take tashi a mako, ranar Talata ƙarfe sha ɗaya. Kuma sojoji ba sa raka kaya sai an ba su jerin sunayen masu karɓa, da tambarin biro a kowane shafi. Madame Zara ta yi mako uku tana shigar da sunayen nan ɗaya bayan ɗaya, takardun asali kuma aka aika da su Yamai. Wato duk duniya wuri ɗaya ne jerin yake a Agadez, cikin ɗaki na huɗu na gidan hayata. An shirya za a buga shi a takarda ranar Talata da safe, bayan Direkta ya duba gyaran ƙarshe.

Ranar Litinin bayan azahar, ina zaune ba aikin yi, sai na ga sanarwa cewa sabon noyau ya fito. Noyau shi ne ƙwallon tsarin na'ura, abin da komai ke tsaye a kansa. (Ranar da na fara faɗa wa Direkta wannan kalma, sai ya tambaye ni ko na dabino nake nufi. Na yi mako ina ba abokaina labari don a yi masa dariya.) Ba abin da ya sami tsohon noyau. Lafiyarsa ƙalau, wata takwas yana aiki bai taɓa yin tari ba. Amma ni a ganina injiniyan da ya bar na'urarsa da tsohon abu, ai ya zama abin kunya.

Na buɗe ƙofar ɗakina da gangan don masu wucewa su gani. Ba abin da nake so a duniya kamar a same ni a gaban baƙin allon nan mai fararen baƙaƙe, babu hoto babu linzami, ina buga umarni rubutu yana gudu. Mutane sukan rage murya in sun leƙo. Na buga apt-get da abin da ke binsa, na danna Entrée da ƙarfi kamar mai buga tambari.

Madame Zara ta zo wucewa da takardu, ta tsaya a bakin ƙofa.

“Mushe l'ingénieur, mi kake taɓawa haka?”

Na ce, ba tare da na juyo ba, “Mise à jour ce, Madame. Ba za ki gane ba.”

“Ban gane ba kam. Amma sunayena suna ciki. Ka bari kamiyo su tashi gobe, in ya so ka taɓa abin da kake so.”

Na yi irin dariyar nan ta mai haƙuri da jahilci, na ce mata na'ura ba tuwo ba ce da za ta lalace don an taɓa ta. Ta dube ni, ta dubi baƙin allon, ta tafi.

Ana cikin aikin sai wani shuɗin akwati ya fito a tsakiyar allo da tambaya cikin Ingilishi. A nan dole in yi muku wata ikirari. Ingilishina a lokacin bai wuce na gaisuwa ba. Umarnin da nake bugawa haddace su na yi, kamar yadda ake haddace lambar mota. Don haka duk lokacin da na'ura ta yi mini tambaya, dabarata ɗaya ce, in danna Entrée in bar ta da abin da ta zaɓa. Na danna. Da aka gama sai na ga wurin da ake ajiye noyau ya kusa cika, ni kuma mutum ne mai son tsabta. Na share tsohon, sharewa ta har abada, tun sabon bai taɓa tashi ko sau ɗaya ba. Na ce a raina sai ranar Asabar in kashe na'urar in kunna a natse. Na kulle ɗaki na tafi shan shayi, ina jin kaina kamar wanda ya gina gada.

Kuran, wato wutar lantarki, bai jira Asabar ba. Talata da safe, ƙarfe takwas da rabi, aka ɗauke shi. Batirin sarbar ya yi ƴan koke-kokensa ya mutu, domin na sha cewa zan canza shi ban canza ba. Kafin Malam Alhusseini magazinye, mai kula da sito, ya tayar da gurup, injin wutarmu, na'urar ta yi tsit. Ban damu ba. Na kunna ta, na jira minti goman da takan ɗauka tana duba cikinta, ta tambayi kalmar sirri, na buga ina murmushina.

Ta ƙi.

Na ce yatsa ne ya zame. A wannan wuri na'urar ba ta nuna abin da kake bugawa, ko ɗigo ba ka gani, sai ka yi ta bugawa a makance. Na sake, ta ƙi. Na sake a hankali, ta ƙi, sannan ta jefa ni wani fili mai ɗan layi guda yana ƙyafta mini ido. Yau na san akwai hanya mai sauƙi ta sake gwadawa daga wannan wuri. A ranar abin da na sani kawai shi ne in kashe in kunna, in sake jiran minti goma. Na yi haka. Sau uku kuma ta ƙi. Kilim yana aiki, amma rigata ta manne a bayana.

Ta taga ina hango tsakar gida. Akwai wani dattijo makiyayi da ya zo tun asuba, naɗe da rawani har hanci, yana zaune a gindin bango da sandarsa. Daga Aderbissinat ya zo don ya tabbatar sunansa yana cikin jerin, an kuma yi masa alkawarin zai koma a bayan kamiyo. Na ji shi da safe yana gaya wa mai gadi cewa raƙumarsa ta ƙarshe sai an ɗaga ta take tashi. Duk lokacin da na'urar ta ƙi, sai idona ya kai kansa, sai in yi maza in kawar.

Ƙarfe goma Direkta ya shigo, a bayansa Kapiten, shugaban rakiyar, wani siririn mutum mai baƙin tabarau wanda ba ya ɗaga murya. Malam Alhusseini ya biyo su, direbobi uku suka cika bakin ƙofa. Ɗakin da nake so a riƙa leƙowa, yau ga shi an leƙo.

Direkta ya ce, “Ina jerin?”

Na ce akwai ƴar matsala ta fasaha, na jero kalmomi kamar takwas na faransanci waɗanda ni kaina ban san yadda suka haɗu ba. Kapiten ya dubi agogonsa.

“Sha ɗaya nike tashi. In babu takarda, babu rakiya. Sai Talata mai zuwa.”

Malam Alhusseini ya ce a hankali, “Mon capitaine, dabbobin can ba su kai Talata.”

“Na sani. Ba ni na aza dokar ba.”

Direkta, wanda nake yi wa dariyar ƙwallon dabino, sai ya ce, “Ba kai ka taɓa ce mini in sabon ƙwallo ya ƙi, ana komawa ga tsoho ba?” Ashe yana saurare duk lokacin da nake cika baki. Na ce masa tsohon ba ya nan. Ya ce ina ya tafi. Na ce an share shi. Bai tambayi wanda ya share ba, ya dai dube ni.

Don in nuna ina wani abu, sai na fara buga umarni a filin nan mai layi guda, inda ake ganin rubutu. Abin da ya fito ba shi na buga ba. Na goge, na ce bari in gwada da kalma mai sauƙi, na buga agadez. Allon ya rubuta qgqdew. Na sake. Qgqdew.

Maimakon tsoro, wani sanyi na ji a raina, domin na sami wanda zan ɗora wa laifi. Na miƙe tsaye, na nuna allon da yatsa, na ce da muryar masana, “Kun gani? Virus ne. An kawo mana hari. Wannan sabotage ne.”

Ban yi tunanin a gaban wa nake furta wannan kalma ta zagon ƙasa ba. Kapiten ya cire tabaransa a karo na farko. A wancan zamani in ka ce sabotage a gaban soja, a kan abincin da gwamnati ta sa ido, ba hira kake yi ba.

“Sabotage,” in ji shi. “Wa ke da makullin ɗakin ga?”

Na ce ni.

“Wa ya taɓa na'urar jiya?”

Na ce ni.

“Wa ya san mot de passe?”

Wannan karon ƙirjina na nuna, don kalmar sirrin ni kaɗai na san ta. Kapiten ya gyaɗa kai kamar wanda bincikensa ya ƙare da wuri. Na fara tunanin ko mahaifiyata ta san hanyar bariki.

A daidai nan Madame Zara ta ratso tsakanin direbobi, tambari da tawada a hannunta, ta zo jin ko an fara bugawa. Ta sunkuya ta dubi allon ta saman tabaranta.

“Wa ya rubuta wanga?”

Na ce virus ne ya juya Agadez.

“Ba wani virus. Na'urarka Ingilishi take ji yanzu. Kilabiyen Ingilishi, inda muke da A su Q gare su, inda muke da Z su W. M ɗinsu kuma tana ƙasa, wurin waƙafinmu. Wani ya ce mata ta koma haka.”

Shuɗin akwatin jiya ya faɗo mini a rai. Ashe tambayata yake wane irin kilabiye gare ni, ni kuma na amsa da Entrée.

Direkta ya ce, “Ƙaƙa kika san wannan, Madame?”

“Shekara bakwai na yi a Kano da marigayi maigidana. A bakin kotu nike buga wa mutane takardu. Da keken Ingilishi na koyi aiki, na Faransa daga baya ne.” Wata takwas muna biro ɗaya da matar nan, ban taɓa tambayarta ko daga ina ta koyi bugu ba.

Na kashe na kunna. Muka jira minti goman nan, gurup yana gurnani daga waje. Ƙarfe sha ɗaya saura kwata na'urar ta tambayi kalmar sirri. Yanzu na san maganin, in buga Q a wurin A, W a wurin Z, waƙafi a wurin M. Sai dai kalmar tawa jimla ce guda, da A har takwas a ciki, ga ba na ganin abin da nake bugawa. Yatsana ya saba da hanyarsa, kafin in tuna ya riga ya taka A. Na gwada ta ƙi. Na share zufa na sake, ta ƙi. Saura gwaji ɗaya, in ya faɗi sai wasu minti goma, wato sai Talata mai zuwa.

Kapiten ya ce, “Tashi. Ba Madame kujera.”

Na tashi. Ta zauna, ta gyara mayafinta, ta ɗora yatsu goma a kan kilabiye, ta ɗaga kai ta kafa ido a bango.

“Hwaɗi, ina ji.”

Na ce bari in rubuta mata a takarda. Ta ce a'a, in ta sunkuyar da kai idonta zai faɗa kan baƙaƙen kilabiye ta rikice, ita da kunne take aiki, in yi mata dictée, ina faɗa tana bugawa. Na ce ai kalmar sirri ce, ya kamata mutane su fita. Kapiten ya ce shi ba inda za shi, kuma saura minti goma sha biyu.

Ina so in ce muku nan take na tuna da dattijon nan da raƙumarsa na yi abin da ya dace. Ƙarya ne. Na tsaya ina auna abin a raina, har na yi tunanin in canza baƙi ɗaya da gangan, na'urar ta ƙi, in ce Madame ce ta yi kuskure. Wannan tunani ya zo mini, kuma ya ɗan zauna kafin ya tafi. Har yau shi ya fi ba ni kunya a duk labarin. Abin da ya kore shi, na leƙa taga na ga dattijon ya miƙe ya ɗaura buhunsa a kafaɗa, yana shirin hawa mota.

Sai wata dabara ta zo mini, in faɗa baƙi-baƙi, wataƙila ba mai haɗawa.

“M. A. D. A. M. E. Espace.”

Yatsunta suka yi tafiyarsu. Malam Alhusseini, wanda ya yi shekaru yana karanta rubutun jikin buhuna da ƙarfi, ya ce a bayana, “Madame.”

“Z,” na ce.

Ta tsaya. “Babba ko ƙarama?”

“Ƙarama.”

“A. R. A. Espace.”

“Zara,” in ji Malam Alhusseini, cike da jin daɗin ya gane.

Madame Zara ba ta sauke ido daga bango ba. Ta ce, “Ko babban baƙi ban samu ba. Ci gaba.”

Na ci gaba, murya tana ƙanƙancewa. T, S, O, H, O, N. Malam Alhusseini ya ce, “Tsohon.” Y, A, Y, I. Ya ce, “Yayi,” amma wannan karon a hankali, don ya fara hango inda motar ta nufa. Ɗaya daga cikin direbobi ya yi wani tari da ba tari ba ne. Direkta ya sami wani abu mai ban sha'awa a silin yana kallo. Na tsaya a nan.

Kapiten ya ce, “Ya ƙare?”

Na ce saura kaɗan.

“To ƙarasa. Kuma ka bar wahal da mu da baƙi-baƙi, hwaɗi kalma.”

Na rufe ido na ce, “A kai ta juji.”

Na ji ƙarar yatsunta, tak-tak-tak, daidai wa daida, ba gaggawa ba tsayawa. Ta tambaye ni ko akwai aya a ƙarshe, kamar yadda take tambayar Direkta in yana yi mata shiftar wasiƙa. Na ce babu. Ta danna Entrée da ɗan ƙaramin yatsa.

Rubutu ya fara gudu a allo. Ƙofa ta buɗe, ɗakunan nan huɗu suka tashi ɗaya bayan ɗaya. Matar ta buga zagin kanta, baƙi talatin ba kuskure ko ɗaya, a kan kilabiyen da abin da aka rubuta a jikinsa ba shi yake bugawa ba. Ba wanda ya yi tafi. Ta miƙe, ta ɗauki tambarinta, ta ce wa Malam Alhusseini ya kawo takarda a sa a na'urar bugawa. Ni ko kallona ba ta yi ba, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Sha ɗaya da minti biyar shafin ƙarshe ya fito, tana buga tambari Direkta yana sa hannu. Kapiten, wanda ya ce ba ya ƙara ko minti ɗaya, ya tsaya yana duban agogonsa kamar bai iya karanta shi ba. Da zai fita ya mayar da tabaransa, ya tsaya a gabana.

“Na gano mai sabotage ɗin,” in ji shi. “Amma na bar ka a hannun Madame. Mu a bariki ba mu da horon da ya kai wannan.”

A tsakar gida dattijon nan ya tare ni. An nuna masa sunansa a shafi na uku, an kuma gaya masa wai injiniya ne ya gyara na'ura. Ya kama hannuna da hannu biyu yana sa mini albarka, da Hausarsa mai gauraye da Tamashek, har da iyayena da ƴaƴan da ban haifa ba. Direbobi suna tsaye suna kallo. Na nuna masa tagar Madame Zara na ce can ya kamata ya je. Bai gane ba, ya ɗauka tawali'u ne, ya ƙara mini wata albarkar.

Bayan la'asar na je teburinta. Na shirya jawabin neman gafara mai sassa uku, amma da na tsaya a gabanta abin da ya fito kawai shi ne, “Inna, ki yi haƙuri.” Ban taɓa kiranta haka ba. Ta ci gaba da jera takardu.

“Sau nawa kake buga kalmar ga?”

Na ce duk lokacin da aka ɗauke kuran.

“A garin ga kuwa ka buga ta da yawa.” Ta ajiye takardun. “Ta yi mini zahi, ba ni ɓoye maka. Ɗana na fari ya girme ka.”

Ta ce abu biyu take so. Na farko, a dawo mata da kekenta daga sito, ta buga kwafin kowane jeri da kabon ta ajiye a durowa. Na biyu, Direkta ya ce a canza kalmar sirri a rubuta a sa a ambulan, kuma ita za ta zaɓa. Ta ce tana son jimlar da babu A, babu M, babu Z, babu W, babu Q, don ko na'urar ta koma Ingilishi ko ta koma Faransanci ta buɗe. Na ce mata, da ragowar ilimina, ai da wuya a sami jimlar Hausa da babu A a ciki. Ta ɗauki jan biron nan ta rubuta a ƴar takarda, ta turo mini.

yi shiru ingenieur

Na duba baƙi-baƙi. Babu ko ɗaya daga cikin biyar ɗin.

Shekara huɗu na ƙara a biron nan, kuma kun san yadda kuran Agadez yake. Wani lokaci sau uku a yini nake zama a gaban baƙin allo in ba kaina wannan umarni da yatsuna. Ba ta taɓa ƙin buɗewa ba. Labarin kuwa ya riga ni fita gari, har yau akwai tsofaffin direbobi a tasha da in sun gan ni sai su tambaye ni ya mutanen Qgqdew, ko da yake ba wanda ya iya furta shi daidai.

Yanzu ni ke koya wa sababbin ma'aikata wannan aiki, kuma sukan yi mamakin dokokina. Ba a taɓa noyau ana gobe tafiya. In na'ura ta yi tambaya, a karanta, in ba a gane ba a nemi wanda ya gane, ko da mai shara ne. Ba a share tsoho sai sabo ya tashi ya yi aiki an gani. Sukan rubuta duk wannan a littafinsu da muhimmanci, suna ɗauka a Yamai na koyo. Ta ƙarshen ce ba su cika ganewa ba, inda nake ce musu kada mutum ya zaɓi kalmar sirrin da ba zai iya faɗa da ƙarfi a gaban soja da sa'ar mahaifiyarsa ba.

Sarbar ɗin ta daɗe da mutuwa, na ga gawarta da idona a jujin bayan sito, awaki suna hawa. Keken rubutun kuwa yana ɗakin Madame Zara, ta tafi da shi da ta yi ritaya. Bara da na je gaishe ta na same ta tana buga wa wata maƙwabciya takarda da shi. Na fara yi mata bayanin wata sabuwar manhaja da za ta sauƙaƙa mata aikin. Ta ɗago ta dube ni ta saman tabarau. Na tuna kalmar sirrin da ta zaɓa, na bi umarni.